Tarihin Haɗa Ƙananan Motocin Kwaikwayo da Masana'antarsu

Haɗa ƙananan motocin kwaikwayo aikin nishaɗi ne da mutum ke sayen kwali cike da ƙananan sassa na roba, ya yanke su daga sandunan da ke riƙe da su, ya goge da samfefa, ya manna da gam, ya yi fenti, har ƙaramar mota ta fito da kamannin wata mota ta gaske. Yaranmu ma suna ƙera motar kara da ta gwangwani, amma tasu ta ja ce a yi wasa, wannan kuwa ta ajiya ce da kallo, kuma ma'auni ne ginshiƙinta. Idan an rubuta 1:25 a jikin kwali, ana nufin an rage kowane sashe sau 25, wato motar da tsawonta ya kai mita 5 za ta dawo santimita 20, haka tayarta da sitiyarinta da marfin tankinta. Ma'aunan da suka fi yawa su ne 1:25 da 1:24, sai 1:32 da 1:20 da 1:43, da kuma manya irin 1:12 da 1:8.

Mafari

Kafin zuwan roba, katako ake sassaƙawa. A 1930 sashen Fisher Body na kamfanin General Motors ya buɗe wata gasa ga samarin Amurka, inda da farko suke ƙera ƙaramin keken doki irin na sarakunan Turai da ke jikin tambarin kamfanin. Daga 1937 aka ƙara da ƙera motar da yaro ya zana da kansa. Wanda ya ci yakan samu tallafin karatun jami'a, kuma gasar ta ci gaba har 1968. A Ingila kuwa, kamfanin FROG ya fitar da jiragen sama na roba da ake haɗawa tun 1936.

Sai dai ainihin tushen motar haɗi yana wajen dillalan mota. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanonin mota na Detroit sun so kowane dillali ya samu ƙananan samfuran sabbin motoci, ya nuna launuka, ya kuma ba ɗan mai saye kyauta. A 1948 West Gallogly ya kafa AMT a jihar Michigan domin wannan aiki. Motarsu ta farko Ford ce ta alminiyom, amma ba da jimawa ba suka koma roba a ma'aunin 1:25. Jo-Han, wanda John Hanley ya kafa a Detroit, shi ma wannan kasuwa ya shiga. Robar wancan lokaci, asitet, tana da aibi: bayan 'yan shekaru sai rufin mota ya lotsa, bamba ta karkace. Shi ya sa aka koma robar sitairin, wadda ba ta lanƙwashewa kuma tana karɓar gam, ita ce ake amfani da ita har gobe.

A can Kalifoniya, Revell na Lewis Glaser ya fitar da jerin tsofaffin motoci mai suna Highway Pioneers a farkon shekarun 1950, a ma'aunin 1:32, aka sayar da su a kantunan Woolworth da araha. Nan ne aka gane cewa mutane za su biya kuɗi don su yi aikin haɗin da kansu. Monogram, wanda Jack Besser da Bob Reder suka kafa a Shikago a 1945 suna yanka katakon balsa, shi ma ya juya ga roba, ya riƙi ma'aunin 1:24. Wannan ɗan bambanci tsakanin 24 da 25 yana nan har yau.

Ƙarfen zubi

Ba a fahimtar wannan masana'anta sai an fahimci ƙarfen zubi. Wani katafaren ƙarfe ne mai ɓari biyu, an sassaƙa siffar kowane sashe a cikinsa a juye. Inji yana narkar da ƙwayoyin roba, ya tura su da ƙarfi ta wasu siraran hanyoyi, a sanyaya, a buɗe, sassan su faɗo maƙale da sandunansu. Kafin zamanin kwamfuta, masassaƙi kan fara yin samfurin katako wanda ya fi girman da ake so, sannan wata na'ura ta bi jikinsa tana rage shi a kan ƙarfe. Aikin yana cin watanni da kuɗi masu yawa, amma da zarar an gama, robar da ke shiga kwali ɗaya ba ta da wani tsada. Saboda haka dukiyar kamfani tana cikin waɗannan ƙarafa, kuma duk wanda ya sayi kamfani su yake nema.

A wancan lokaci AMT yana da wata fa'ida da yawancin abokan hamayyarsa ba su da ita. Kamfanonin mota suna ba shi zanen sabbin motoci a asirce tun kafin su fito, kuma odar samfuran talla tana ɗauke masa babban kaso na kuɗin ƙarfen. Ga shi kuma injiniyansa George Toteff ya inganta ƙarfe mai sassa masu zamewa, wanda ke fitar da gangar mota guda ɗaya cur, alhali wasu suna sa yaro ya manna gefe da gefe da rufi. A 1958 aka zuba waɗannan motoci a kwali ba a haɗa ba, aka ƙara musu kayan ado da lambobin mannawa, aka ce mota uku a kwali ɗaya: ko ka haɗa ta yadda ta fito daga kamfani, ko ka yi mata kwalliya, ko ka mai da ita ta tsere. Kuɗinta bai kai dala 2 ba. A ganina babu wata dabara a tarihin wannan sana'a da ta kai wannan, domin ta ba yaro ɗan shekara 12 ikon yanke shawarar yadda motarsa za ta kasance.

Shekarun 1960 su ne ganiyar abin a Amurka. Kowace kaka sabbin motoci na fitowa, 'yan ƙananansu na biye. AMT ya ɗauki George Barris, mashahurin mai sauya fasalin motoci, Revell ya ɗauki takwaransa Ed Roth. Toteff ya fita ya kafa MPC a 1963. Monogram ya fitar da Red Baron na Tom Daniel a 1968, mota mai hular sojan Jamus a matsayin rufi, ta yi kasuwar da har sai da aka ƙera babbarta ta gaske daga baya. A wannan zamani ne kuma aka yi ta kuka kan yara masu shaƙar gam don su bugu, wasu garuruwa suka taƙaita sayar da shi, kamfanin Testors ya zuba masa man mustad mai yaji don ya hana shaƙa.

Turai da Japan

Airfix na Ingila, wanda Nicholas Kove ɗan asalin Hungari ya kafa a 1939, ya shiga wannan sana'a ne da ƙaramar tarakta ta Ferguson a 1949, ita ma don talla, ko da yake jiragen sama suka fi fito da sunansa. Heller ya tashi a Faransa a 1957, Italeri a Italiya a 1962. Pocher na Turin ya yi manyan motoci na 1:8 masu ɗaruruwan sassa da ƙananan kusoshi na gaske.

Japan ce ta ɗaga darajar aikin. Birnin Shizuoka tsohuwar cibiyar masassaƙa ce, kuma can Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi suka taso, suka baro katako suka kama roba. Tamiya ya fara ne a 1946 a matsayin wurin yankan katako. Shunsaku Tamiya, ɗan wanda ya kafa shi, ya ɗauki auna abin gaske a matsayin wajibi. A 1967 suka fitar da motar tseren Honda RA273 a 1:12. Lokacin da suke shirin Porsche 934, wadda ta fito a 1976, kamfanin ya sayi Porsche 911 ta gaske ya kwance ta ƙusa-ƙusa don a ga abin da hoto ba ya nunawa. Wanda ya taɓa haɗa kayansu ya san sassan kan shige juna ba tare da kokawa ba, takardar bayani kuma tana gaya maka launin kowane ƙaramin abu. Wannan ya tilasta wa sauran kamfanoni gyara aikinsu. Har yanzu ana baje kolin sana'ar a Shizuoka kowane watan Mayu.

Koma-baya da sauyin hannu

Daga shekarun 1970 kasuwar Amurka ta ja baya. Yaran sun girma, rikicin man fetur na 1973 ya sa roba tsada, kamfanonin mota sun rage odar samfuran talla, daga baya wasannin bidiyo suka kwashe hankalin yara. Mattel ya sayi Monogram, General Mills ya sayi MPC. Lesney, mai ƙananan motocin Matchbox, ya sayi AMT a 1978, shi ma ya durƙushe, AMT ya koma hannun Ertl na jihar Iowa a farkon shekarun 1980, MPC ya biyo shi a 1985. Revell da Monogram suka haɗe a 1986. Hobbico ya sayi Revell a 2007, ya karye a 2018, masu zuba jari daga Jamus suka karɓi Revell, wani ƙaramin kamfani mai suna Atlantis ya sayi tsofaffin ƙarafa da dama. Sunayen AMT da MPC yanzu suna hannun Round 2 a jihar Indiana.

A cikin wannan yawo an yi asara mai ciwo. Sau da yawa akan gyara ƙarfen motar bara ya zama na bana, ta bara ta tafi ke nan. An sassake wasu aka mai da su motocin tsere ta yadda ba za a iya komawa baya ba, kuma da yawa daga ƙarafan Jo-Han sun salwanta. Waɗanda suka tsira kuwa suna aiki har yau: mutum zai sayi sabon kwali ya tarar sassan daga ƙarfen da aka sassaƙa a shekarun 1960 suka fito, tsufan ƙarfen ma yana nunawa a bakin sassan, inda roba ke tsiyayowa siririya sai an kankare da reza.

Halin da ake ciki

Yau manya ne suka fi yawa a sana'ar, kuma sun zurfafa ta. Maƙeri zai huda kan inji da siririn abin huji, ya zura wayar da ba ta fi zare kauri ba zuwa kowane filogi, ya fesa fenti shafi-shafi, ya bari ya bushe kwanaki, ya goge har ya ɗauki ido. Ƙungiyar masu wannan sana'a, IPMS, wadda aka kafa a Biritaniya a 1963, tana da rassa a ƙasashe da yawa, babban taronta kuma ana yinsa a Telford kowane Nuwamba. Kuɗin lasisin da kamfanonin mota da na taya ke karɓa ya ƙara tsadar kaya, har wasu kwalaye ke zuwa da tayoyi marasa suna.

Ƙananan masu sana'a sun daɗe suna zuba sassa da ruwan rezin, suna kuma yanka siraran faifan ƙarfe da sinadari don yin ragar lagireto da kan bel. Na'urar buga abubuwa ta 3D ta ƙara faɗaɗa wannan ƙofa, domin mutum ɗaya da kwamfuta zai iya zana injin motar da babu kamfanin da ya taɓa yi, ya sayar wa mutum 50 ba tare da ƙarfen zubi ba. Manyan kamfanoni ma suna cin moriyar sabuwar fasaha. Round 2 yana ɗauko tsohon kwalin da ƙarfensa ya ɓace, ya kwafi siffar sassansa, ya sa a sassaƙa sabon ƙarfe, kamar yadda ya yi wa Chevy II Nova mai dogon baya samfurin 1963.