Shekaru goma da suka koya mana bincike kafin ba da bashi

Yayin da muke bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, ya dace mu waiwayi shekarun 1984 zuwa 1994. A tsakaninsu ne ƴan kasuwa da dama na Maraɗi, Damagaram da Ƙonni suka karye. Wasunsu ba kayansu ne suka lalace ba, bashin da suke bin mutane ne ya nutse.

A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canza takardun naira, ta kuma rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai watan Maris na 1986. Wanda ya ba da atamfa bashi a Kano ko Katsina ya rasa hanyar zuwa karɓa. Wanda ya ajiye tsofaffin naira a wannan gefen iyaka kuwa, wa'adin canji ya wuce shi. Ga kuma farin 1984 da ya talauta manoma da makiyaya, wato masu sayen kayanmu.

Bugu na biyu daga banki ya zo. Bankin raya ƙasa na Nijar, BDRN, shi ne babban mai ba ƴan kasuwa da kamfanonin gwamnati rance. Lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa, suna da sanayya sukan isa a ba mutum rance mai yawa. Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnati ta fara jinkirta biyan ƴan kwangila, su kuma suka kasa biyan banki. Basusuka suka taru har bankin ya durƙushe a 1990, aka kafa SONIBANK. Masu ajiya suka sha jira, har da waɗanda ba su taɓa cin bashin kowa ba.

Na uku shi ne karya darajar sefa a watan Janairun 1994. Kafin nan sefa 50 ke sayen faran ɗaya na Faransa, aka wayi gari sai 100. Duk wanda ya ɗauko kaya bashi ta Kwatano ko Lome da alkawarin biya da dalar Amurka ko kuɗin Faransa, bashinsa ya ninka cikin dare ɗaya.

Abin lura, ƴan uwa, shi ne ba kasafai mutum ke karyewa shi kaɗai ba. Mai cin bashinka shi ma yana jiran wani ya biya shi, kuma alamu kan riga faɗuwa. Biyan mako biyu ya koma na wata biyu. A fara kawo rabi. A nemi sabon kaya kafin a sauke tsohon bashi. A sayar da kaya ƙasa da yadda aka saro don a samu kuɗi a hannu.

Saboda haka, kafin a ɗora kaya a mota, a tambaya: da wane kuɗi za a biya, naira ko sefa, kuma wa zai ɗauki asara idan canji ya motsa? Daga ina mai karɓa ke sa ran samun kuɗinsa? Nawa ne na jarinka ke hannun mutum guda? A rubuta komai gaban shaidu, ko da ɗan uwa ne.

An sake rufe iyakar a 2019, haka ma a 2023. Wanda ya san wannan tarihi bai kamata ya jira na gaba kafin ya duba littafin bashinsa ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a nemanmu.