Guzurin Mishan: Zaman Dorugu da Abbega a Ingila

A cikin watan Satumba na shekarar 1855 wani Bajamushe mai yawon binciken ƙasashe, Heinrich Barth, wanda mutanen Barno da na ƙasar Hausa suka sani da sunan Abdulkarim, ya isa birnin Landan bayan ya yi shekara biyar a ƙasashen Sudan. Tare da shi akwai samari biyu, Dorugu da Abbega. Abbega Bamargi ne, shi ne kuma babba. Dorugu kuwa Bahaushe ne, haifaffen Dambanas a ƙasar Kance, wanda mayaƙan Damagaram suka kama tun yana yaro, aka yi ta cinikinsa har ya faɗo Kukawa. A can ne abokin tafiyar Barth, watau Adolf Overweg, ya 'yanta su. Da Overweg ya rasu a bakin tafkin Cadi a 1852 sai suka koma hannun Barth, suka bi shi Sakkwato da Gwandu da Tambutu, suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, sa'an nan suka shiga jirgin ruwa.

Kafin a gane abin da ya sami waɗannan samari a Ingila, tilas a koma baya kaɗan a duba wata al'ada da ƙungiyar mishan ta Ikilisiyar Ingila, wadda ake kira C.M.S., ta riga ta kafa. Tun 1825 ƙungiyar ta buɗe kwaleji a unguwar Islington ta Landan domin horar da masu wa'azin da za ta aika ƙasashen waje. Kuɗin jirgi da na ci da sha da sutura duk daga baikon masu ibada suke fitowa. Da farko Turawa ake horarwa, da yawansu ma Jamusawa ne da suka fara karatu a makarantar mishan ta Basel. Ɗaya daga cikinsu shi ne James Frederick Schön, wanda aka tura Saliyo.

Abin da ya ƙarfafa tunanin ɗauko 'yan Afirka su ma a horar da su shi ne masifar 1841. A shekarar nan gwamnatin Ingila ta aika da jirage uku su hau kogin Kwara, a cikinsu har da wakilan C.M.S. biyu, Schön da wani malamin makaranta Bayarabe, Samuel Ajayi Crowther, wanda shi ma 'yantaccen bawa ne. Zazzaɓi ya kashe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na Turawan da ke cikin jiragen, jirgin da ya fi nisa kuwa bai wuce Egga ta ƙasar Nufe ba. Schön ya dawo da ra'ayin cewa in dai bishara za ta shiga cikin ƙasa, to bakin 'yan ƙasa ne zai kai ta. Bisa shawararsa aka kira Crowther Islington a 1842, aka naɗa shi limamin ikilisiya a 1843. Sakataren ƙungiyar na lokacin, Henry Venn, ya riƙe wannan manufa da hannu biyu: a kafa ikilisiya mai ciyar da kanta, mai mulkin kanta, mai yaɗa kanta.

To, a kan wannan tabarma Dorugu da Abbega suka sauka. Schön ya bar Afirka a 1847 saboda rashin lafiya, ya zama limamin wani asibitin mayaƙan ruwa a Chatham, amma zuciyarsa tana kan Hausa. Tun 1843 ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa da ya tsinta daga bakin 'yantattun bayi a Saliyo, ga shi kuma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, bai kuwa taka ta ba har ya mutu. Ga mutum irin wannan, samun Bahaushe a Ingila tsuntsu ne daga sama gasasshe. Barth ya riga ya shirya mayar da yaran gida, amma Schön ya shiga tsakani ya ɗauke su zuwa gidansa a 1856, abin da ya ɓata wa Barth rai ƙwarai. Aka koya musu karatu da rubutu da addinin Kirista, aka yi musu baftisma, Dorugu ya zama James Henry, Abbega ya zama Frederick Buxton.

Hausawa suna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Waɗanda suka ciyar da yaran nan sun sa ran su koma gida masu wa'azi, kamar yadda Crowther ya koma. Amma fa akwai bambanci babba. Crowther ya je Islington yana magidanci, ya yi shekaru da baftisma, ya yi karatu a kwalejin Fourah Bay, ga kuma jama'ar Kirista Yarabawa a Saliyo da za su karɓe shi. Su kuwa waɗannan samari ne da ba su da uwa ba su da uba a kusa, suna ƙasar sanyi, ba su da wanda za su dogara gare shi sai mai ba su tuwo. Wanda yake cikin irin wannan hali, da wuya a iya rarrabe yardarsa da biyayyarsa, ko shi kansa ba lalle ne ya iya ba. Bugu da ƙari, babu wata ikilisiya a Damagaram ko a ƙasar Margi da ke jiran dawowarsu.

Abbega bai daɗe ba. A 1857 aka haɗa shi da Crowther ya koma Afirka domin aikin mishan na kogin Kwara. Aikin wa'azin bai riƙe shi ba. Ya zama tafinta, ya koma Musulunci, a ƙarshen ƙarnin kuma aka ba shi sarautar Lakwaja. Jikansa Maimaina shi ne ya zama Sarkin Askira a zamanin Turawa.

Dorugu shi ne ya zauna, har shekarar 1864. A cikin waɗannan shekaru takwas an juya al'amarin: wanda aka ajiye domin a koyar da shi, shi ne ya zama malami. Yana faɗa, Schön yana rubutawa. Ya ba da tatsuniyoyi da karin magana, ya ba da labarin rayuwarsa tun daga ranar da aka kama shi, da tafiyar Tambutu, da ƙishin hamada, har da yadda ya ga Turawa suna zaman cin abinci a gidajensu, yana kallonsu da irin idon da matafiyansu suka saba kallon mutanen Afirka. Da taimakonsa Schön ya fitar da littafin koyon karatun Hausa da fassarar Linjilar Matta a 1857, da Littafin Farawa a 1858, da nahawun Hausa a 1862. Ƙamus ya biyo baya a 1876, sa'an nan *Magana Hausa* a 1885, inda labarin Dorugu ya fito.

Ya kamata mai nazarin harshe ya lura da abu biyu a nan. Na farko, Hausar da ta shiga waɗannan littattafai Hausar Damagaram ce, ta wanda ya rabu da gida tun bai balaga ba, ya kuma yi zama cikin Barebari. Na biyu, kunnen Schön bai kama wasu sautuka ba, don haka rubutunsa bai rarrabe d da ɗ ko k da ƙ ba, balle karin sauti. Duk da haka, wanda ya karanta labarin Dorugu a yau zai ji Bahaushe ne yake magana, jimlolinsa gajeru, zancensa a miƙe, ba irin Hausar fassara mai ɗingishi ba. Kuma ba a manta ba cewa a daidai lokacin malaman Sakkwato da Gwandu sun riga sun cika ƙasa da waƙoƙin ajami. Abin da yake sabo shi ne zube cikin haruffan Rumawa, da kuma bawa yana ba da labarin kansa.

Schön ya sami lambar yabo ta Volney daga Faransa a 1877, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Ba za a ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba kai tsaye, domin Schön ya ambaci Dorugu a littattafansa, ya kuma yi wahalar shekaru arba'in a kan harshen. Sai dai sunan da ke bangon littafi nasa ne shi kaɗai.

Manufar Venn ita ma ba ta yi tsawon rai ba. An naɗa Crowther Bishop a Canterbury a 1864, shekarar da Dorugu ya bar Ingila, amma a 1890 wasu samarin mishan Turawa, Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, waɗanda suka zo da niyyar shiga ƙasar Hausa, suka tsananta wa ma'aikatansa 'yan Afirka har aka dakatar da da yawansu. Crowther ya rasu a Ikko a ƙarshen 1891, aka maye gurbinsa da Bature. Daga nan tafiyar neman horo ta juya: Turawa ne suka riƙa fita waje koyon Hausa, kamar yadda Dokta Walter Miller ya je Tarabulus kafin tafiyarsu Kano ta 1900, wadda Sarki Alu ya sallame su ba tare da ya ba su izinin zama ba.

Dorugu bai zama limamin ikilisiya ba. Ya ci abinci da tafinta a wurin Turawa iri iri, ya ƙare yana koyar da boko a makarantar da Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. A nan ya rasu a 1912, shekara ashirin kafin a buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A 1971 A. H. M. Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fitar da labarinsa, suka haɗa shi a littafi ɗaya da na Maimaina jikan Abbega.