Tal National da Batun “Furog na Sahel”: Gyara ga Wata Fahimta

Tun da kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da faifan Kaani a 2013, masu sharhin kiɗa a Turai da Amurka suke ta neman gurbin da za su ajiye ƙungiyar Tal National ta birnin Yamai. Gurbin da wasunsu suka zaɓa shi ne na furog, wato reshen rok mai sarƙaƙiya da King Crimson da Yes da Genesis suka kafa a Ingila daga 1969 zuwa tsakiyar shekarun 1970. Hujjarsu ita ce jitocin ƙungiyar suna kitsa juna, gangar tana sauya taki ba zato, waƙa ɗaya kuma tana iya ratsa zango uku ko huɗu. A ganina wannan fahimta ta ji sautin daidai, amma ta ɓata asalinsa.

Tarihin ƙungiyar sananne ne. Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, makaɗin jita kuma alƙali, shi ya kafa ta a 2000. Bayan Kaani sai Zoy Zoy a 2015 da Tantabara a 2018.

Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne: wa aka yi wa kiɗan? Waƙar Yes mai suna Close to the Edge, ta 1972, ta haura minti 18, ta cinye fuska guda ta faifai. An tsara ta gaɓa-gaɓa a ɗakin ɗaukar sauti, domin mai sauraro ya zauna ya bi ta da kunne. Tal National kuwa a Yamai takan yi wasa dare biyar a mako, kowane dare kusan awa biyar, ban da bukukuwan aure da suna. Makaɗanta sukan kai 13, amma shida ne ke kan dandali, suna karɓar juna, har akan raba ƙungiyar gida biyu idan buki ya haɗu a dare ɗaya. Faya-fayanta na farko a shataletalen birni aka riƙa sayar da su. Ƙungiyar da aka gina a kan wannan tsari ba tsawaita waƙa take yi don nuna gwaninta ba. Filin rawa ne bai watse ba, kuma mai liƙi bai gama ba.

Haka ma sauyin taki. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kalangu a wajen buki, ko a Maraɗi ne ko a Gangaren Tudu cikin Keffi, ya ga yadda yake matse tsarkiya a hammata, murya ta hau, ya saki, ta sauko, idonsa na kan ƙafar mai rawa. Da ta canza taku sai ya bi ta, sauran makaɗa su biyo shi. Babu takarda, babu ƙidaya. Abin da kunnen Bature ke ji a matsayin karya ƙa'ida galibi bugu uku ne a kan bugu biyu, abin da ya daɗe a kiɗan yankin nan. Masu furog kuwa da gangan suke ƙirƙiro ma'auni irin na bakwai ko tara don su kauce wa bugu huɗu na rok. Waɗancan tserewa suke yi daga abin da aka saba. Makaɗan Tal National kuwa a cikin abin da aka saba suke zaune.

Akwai ƙalubale mai nauyi, kuma bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Mai wancan ra'ayi zai ce: jitar lantarki da jita mai kauri da jerin gangunan Turawa duk kayan rok ne, wanda ya ɗauki faya-fayan, Jamie Carter, daga Shikago ya zo, a Tantabara har da baƙon makaɗin rok, Yonatan Gat, to ta yaya za a ce rok ba shi da hannu? Kashi na farko na wannan hujja yana da rauni. Jitar lantarki ta daɗe tana yawo a Afirka ta Yamma ta hanyar rumbar Kwango da hailaif na Gana da salon Ali Farka Touré da na Abzinawa, kuma wanda ya saurari yadda jitocin Tal National ke yanka gajerun jimloli suna maimaitawa zai fi jin Kinshasa da Agadas a ciki fiye da Landan. Kashi na biyu ya fi ƙarfi. Kaurin sauti da kaifin jita a Tantabara da wuya a raba su da kunnen wanda ya haɗa faifan da kuma kasuwar da aka nufa da shi. Nan kam sai a sallama.

Don haka da'awar da hujja za ta iya ɗauka ta fi ƙanƙanta da wadda zuciya ke so. Ba a ce rok bai taɓa Tal National ba. Ya taɓa fatar sautin, musamman a faya-fayan da aka yi wa ƙetare. Ba kuma za a ce kiɗan na Hausa ne zalla ba, domin ƙungiyar tana waƙa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek kamar yadda take yi da Hausa, kuma son kai ne a tattare duka a kai gida ɗaya. Abin da ya tsaya shi ne zubin waƙa da tafiyar taki da yadda ƙungiyar ke rayuwa, waɗanda su ne aka kafa hujjar furog a kansu. Kafin a sake kiranta da wannan suna, ya dace mai kiran ya fara nazarin wasan dare guda cikakke a Yamai, ba waƙoƙi takwas da aka taƙaita don faifai ba.