Mahaɗi

Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa miƙa wa mutum garin magani ziryan ba. A ƙauyenmu na ƙasar Faskari, in mace ta kawo yaro mai gudawa, sai ta daka sabara ta ce, "'Yar nan, a kunu za ki dama masa, ban da ruwan randa." Na tari a zuma, na basir a nono, na ƙurji a man kaɗanya. Wannan shi ne mahaɗi. Tsofaffin masu magani da na sani a kasuwar Sheme za su gaya maka sunan itace ba gardama, tunda kowa na iya shiga daji ya saro, amma abin da zai kai shi inda ciwon yake, wannan gadon gida ne.

Da ɗakunan shan magani na En'e suka zo, sai mahaɗi ya ɓuya cikin ƙwaya da kwalba. Ko farin ruwan maganin gudawa da muka sha muna yara, da irin farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara ake haɗa shi.

Masana na can suna fama da tambayar kakata, wato abin da zai kai magani inda ciwon yake, amma a cikin ƙwayar halitta. A nan akwai mitokondiriya, murhun da abinci ke zama ƙarfi, mai fata biyu da magani ke shan wuya kafin ya ratsa. A 1969, Vladimir Skulachev da Efim Liberman a Mosko suka nuna cewa cajin lantarkin cikinta na zuƙo sinadari mai kishiyar caji, in dai yana narkewa a mai. Ƙarshen shekarun 1990, Michael Murphy da Robin Smith na Jami'ar Otago a Niw Zilan suka goya wa irin wannan sinadarin magani, suka sa masa suna MitoQ. Yana taruwa a murhun har ninki ɗaruruwa. Sai dai da aka gwada shi a kan masu cutar karkarwa ta Parkinson, sakamakon 2010 ya nuna bai tsayar da ita ba. Ko ya isa gidan ko bai isa ba, bai kori ciwon ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mu jikokinta duk mun yi boko, amma ba wanda ya ɗauki biro. Na tambayi gwaggona a Sabuwa mahaɗin maganin shawara, ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Ɗana, saiwar kawai nake tunawa."