Daga «intaha» zuwa lambar shafi

Tun kafin injin ɗab'i ya iso ƙasar Hausa, malamai suna da tasu hanyar nuna inda suka ɗebo magana. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ba ya cika kafa hujja a cikin Bayan Wujub al-Hijra na 1806 ba tare da ya jingina ta ga wani magabaci ba. Yakan ambaci malamin da littafinsa, kamar Muhtasar na Halil, ya kawo maganar, sa'an nan sau da yawa ya rufe ta da kalmar Larabci guda, intaha, wato «ta ƙare». Daga nan mai karatu ya san baƙo ya yi shiru, mai gida ya karɓa.

Ba a ambaton shafi, kuma ba don sakaci ba. Littafin na hannu ne. Wanda aka kwafa a Agadas da wanda aka kwafa a Katsina ba su faɗawa shafi ɗaya, domin kowane magatakarda da girman rubutunsa. Babi da fasali ne ba su canzawa, su ake kira.

Lambar shafi ta sami amfani ne bayan ɗab'i ya sa kwafi dubu sun zama iri ɗaya. A kan wannan Turawa suka gina nasu tsari. A 1697, a Rotterdam, Pierre Bayle ya fitar da ƙamusunsa na tarihi, inda bayanan ƙasan shafi sukan cinye fili fiye da ainihin zancen. A 1881 Edward Mark, masanin dabbobi na jami'ar Harvard, ya sa sunan marubuci da shekara cikin baka a tsakiyar jimla. Abin mamaki, binciken nasa a kan wata ƴar halitta ce dangin dodon koɗi. Maɗaba'ar jami'ar Chicago ta buga littafin ƙa'idojinta na farko a 1906.

Duk waɗannan an yi su ne don mai karatun da ke da ɗakin littattafai kusa da shi. Shi ya sa suke nauyi idan an ɗora su kan takardar ƙungiya ko jawabin taro. Ɗalibi yakan cusa ibid. da op. cit. cikin rubutu mai shafi ɗaya. Wani kuma ya gudu daga wannan ya faɗa ga «masana sun ce», wanda ya fi muni, domin ba ya kai kowa ko'ina. Hausa tana da «in ji», amma shi mai magana kawai yake nunawa, ba littafi ba.

Tsarin malaman da ya fi dacewa da irin wannan rubutu: suna da littafi cikin jimlar kanta, a ƙara shekara, a faɗi inda maganar ta tsaya. Wanda ke sauraren jawabi a zaure ko a rediyo ba ya ganin ƙasan shafi, kuma alamar « » ba ta da sauti.