Tarihin Mayar da Gonar Nisqually Dausayi domin Kifin Salmon

Dausayin Nisqually yana jihar Washington ta Amurka, a inda kogin Nisqually, wanda ya taso daga Dutsen Rainier, ke kwarara cikin mashigin teku na Puget Sound. A nan ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri, kuma 'ya'yan kifin salmon kan yada zango na makonni, suna kiwo a cikin ƙoramu har jikinsu ya saba da gishiri kafin su shiga teku. Da wannan kifi ƙabilar Nisqually ta dogara tun kaka da kakanni, kuma yarjejeniyar Medicine Creek ta 1854 ta tabbatar mata da haƙƙin kamunsa.

A 1904 wani lauyan birnin Seattle, Alson Brown, ya sayi filin, ya sa aka yi amfani da dawakai aka tayar da ganuwar ƙasa mai tsawon kusan kilomita 8. Ganuwar ta tare ruwan teku, dausayin ya bushe ya zama gonar kiwon shanu da aladu da kaji, kifi kuwa ya rasa mafaka. Ko da gwamnati ta mayar da wurin gandun namun daji a 1974, ganuwar tana nan daram.

Lamarin ya sauya bayan 1999, lokacin da aka sanya salmon nau'in Chinook na Puget Sound cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Ƙabilar Nisqually ce ta fara fasa ganuwa a filayenta na gabashin kogin. A 2009 ta haɗa hannu da hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka da ƙungiyar Ducks Unlimited aka rushe ganuwar Brown, ruwan teku ya sake shiga kimanin hekta 308 bayan sama da shekara ɗari.

Ba a jima ba aka ga 'ya'yan Chinook a tsofaffin ƙoramun. Ciyawar dausayi dai tana jan ƙafa wajen dawowa, domin ƙasar ta nitse a zamanin noma, madatsar ruwa ta Alder kuma tana riƙe lakar da za ta cike ta. A 2015 aka raɗa wa gandun sunan Billy Frank Jr., jagoran ƙabilar da ya yi fafutukar kare haƙƙin kamun kifi.