Gano Maƙerin Bodin Tsofaffin Motoci: Nauyin Shaidar Tambari, Katako da Takarda

Tsakure

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, motocin alfarma na Turai da Amurka tsirara ake sayar da su: shasi da inji daga kamfani ɗaya, bodi kuma daga wani maƙeri dabam. Wannan maƙala ta auna hujjojin da ake kafawa a yau wajen jingina bodi ga maƙerinsa, bisa misalan Rolls-Royce, Duesenberg da Bentley. Ta nuna cewa tambarin da ke dokin ƙofa, wanda masu saye suka fi dogara da shi, shi ne mafi raunin shaida, kuma alamomin da ba a yi su don a gani ba sun fi shi nauyi.

Muhimman kalmomi: shasi, maƙeran bodi, tambari, lambar bodi, katin shasi.

Gabatarwa

Wanda ya san yadda ake sayo shasin babbar mota a ƙasar Hausa a kai wa kafintoci su ɗora mata bodin katako, ya riga ya fahimci rabin maganar. Haka Rolls-Royce ya yi kasuwancinsa na kusan shekara arba'in. Mai saye zai karɓi shasi da inji da lagireto da sitiyari, sannan ya zaɓi maƙeri. Sai a 1946 kamfanin ya fara sayar da mota da bodin ƙarfe iri ɗaya, a ƙirar Bentley Mark VI. Su kuwa maƙeran, da yawansu sun girmi mota da kusan ƙarni guda ko biyu, domin da keken doki suka fara: Barker na Landan tun 1710, Hooper tun 1805, Brewster na Amurka tun 1810.

Tambayar "wa ya ƙera wannan bodi?" a haƙiƙa tambayoyi uku ne a dunƙule. Wa ya zana shi? A wace maƙera aka harhaɗa shi? Kuma shi ne aka fara ɗora wa wannan shasi? Galibin kurakuran da ake samu a takardun gwanjo sun samo asali ne daga amsa ɗaya a ɗauka an amsa duka ukun.

Raunin tambari da kamannin waje

Tambarin maƙeri ɗan faranti ne na tagulla ko farin ƙarfe, wanda kusoshi biyu ko huɗu ke riƙe da shi a dokin ƙofa ko a gefen bodi daga ƙasa. Abin da kusa biyu ke riƙewa, cire shi ba aiki ba ne, kuma ana ƙera sababbi har yau. Amma ko tambarin na asali ne, yana iya ɓad da mai bincike. Duesenberg, wanda ya fito da ƙirar Model J a 1928, ya sayar da wasu motoci da sunan LaGrande, alhali babu wata maƙera mai wannan suna. Kamfanin ne ya ƙirƙiro shi, aikin kuwa wasu ne suka yi, irin su Union City da Walker. Reshen Rolls-Royce na Springfield a Amurka ma haka ya yi daga 1921: bodin da ya kira Piccadilly ko Pall Mall na ɗauke da tambarin sashen bodi na kamfanin, amma Merrimac da Willoughby da Biddle & Smart na cikin waɗanda suka ƙera su. LeBaron kuwa, da Thomas Hibbard da Raymond Dietrich suka kafa a New York a 1920, a farkonsa ofishin zane ne kawai, ba shi da ko guduma.

Akwai kuma tarkon suna. Kamfanoni dabam-dabam ne suka yi aiki da sunan Mulliner a Ingila, ciki har da H. J. Mulliner na Landan, Arthur Mulliner na Northampton, da Mulliners na Birmingham. Takardar da ta ce "bodin Mulliner" ta yi shiru, ba ta faɗi komai ba tukuna.

Kamanni ma ba hujja ba ne. Salon da ake kira Roi des Belges, mai kujeru masu lanƙwasa kamar buɗaɗɗiyar fure, Rothschild na Paris ne ya fara yi wa Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam a farkon shekarun 1900, nan da nan kowa ya kwaikwaya. Shahararriyar Rolls-Royce Silver Ghost ta 1907 mai lamba AX 201 irin wannan bodi gare ta, kuma Barker ne ya ƙera shi. Kama da wane ba ta wane ba ce.

Shaidar da ke ɓoye a jikin mota

A nan ne binciken yake da nama. Bodin wancan zamani ƙwarangwal ne na katako, galibi itacen ash, an lulluɓe shi da falankin alminiyam ko ƙarfe da aka buga da hannu. Tun da hannu ne ya yi, ƙofar wannan mota ba ta shiga waccan ko da zanensu ɗaya. Don kada sassa su cakuɗe yayin da suke yawo tsakanin kafinta da mai fenti da mai kushin, maƙera kan ba kowane aiki lamba, a buga ta a katakon ƙasa da ƙarƙashin kujera, ko a rubuta ta da alli ko fensir a bayan allon ƙofa. Ba don mai saye aka yi wannan lamba ba, ma'aikaci ne ya yi wa ɗan'uwansa. Shi ya sa a ganina ta fi tambari nauyi nesa ba kusa ba. Mai son yin jabu zai iya buga lamba a wuri guda da ido ke kaiwa, amma da wuya ya kwance mota ɗungurungum ya rubuta ta a wurare goma sha, da rubutun hannu irin na lokacin, a kan katakon da ya tsufa tare da ita.

Tsarin haɗin ma yana magana. Dabarar Charles Weymann, wadda ta yi tashe a shekarun 1920, ba ta barin katako ya gogi katako a mahaɗa. Faranti na ƙarfe ke haɗa su da ɗan rata a tsakani domin bodin ya riƙa lanƙwasawa tare da shasi ba tare da ƙara ba, a waje kuma fatar roba ce a madadin ƙarfe. Sai dai wannan na nuna dabara ne, ba maƙeri ba, domin kamfanoni da dama, ciki har da Gurney Nutting, sun yi aiki da lasisinta. Bodin da Labourdette ya ɗora wa wata Panhard a 1912, mai siffar kwale-kwale, da katakon mahogani da ribitin jan ƙarfe aka yi shi, amma shi ma an kwaikwaye shi.

Wasu alamun ba sa faɗin wanda ya yi, suna dai ƙaryata wanda bai yi ba. Kusa mai kan gicciye irin ta Phillips ba ta shiga masana'antar mota sosai ba sai a Cadillac ta 1936. Fentin Duco mai saurin bushewa da Oakland ta 1924 ya fito, kafin nan buroshi da banis ake yi, shafi bisa shafi, na makonni. Waldar alminiyam da iskar gas mai kariya ta shekarun 1940 ce. Zaren noti irin na Whitworth na nuna hannun Ingila, awon mita kuma na nuna Faransa ko Italiya ko Jamus. Ganin ɗaya daga cikin waɗannan a inda bai dace ba ba ya rushe mota nan take, don kowace tsohuwar mota ta sha gyara. Abin lura shi ne inda aka same shi: a madigadi, ko a can cikin ƙwarangwal.

Sai ramuka. Shasin da ke da jerin ramukan noti da ba su dace da bodin da ke kansa ba, ya taɓa ɗaukar wani. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne. Attajirai kan ajiye bodi biyu, rufaffe na hunturu da buɗaɗɗe na bazara. An mayar da Silver Ghost da dama motocin sulke da na ɗaukar majinyata a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wasu daga baya suka koma ɗaukar gawa ko kaya. Daga baya kasuwa ta zo da nata: da buɗaɗɗiyar mota ta fi rufaffiya tsada, sai aka yi ta sauke rufaffun bodi na asali ana ɗora sababbi masu kama da na maƙerar Vanden Plas a kan Bentley.

Takarda da abin da take iya warwarewa

Rolls-Royce ya riƙa buɗe wa kowane shasi kati, mai ɗauke da sunan mai saye, maƙerin da aka aika wa, da irin bodin da za a ɗora, domin a daidaita sifirin da nauyinsa. An adana waɗannan katuna a Hunt House da ke Paulerspury a Ingila. Katin na amsa tambaya ta uku ne kawai, wato me aka fara ɗorawa. Ba ya tabbatar da cewa abin da ke gaban mai bincike a yau shi ne wancan, sai lambar katin da ta littafin maƙeri da ta katako sun zo ɗaya.

Kotu ma ta taɓa shiga maganar. A 1990 Babbar Kotun Landan ta saurari ƙara kan Bentley da ake kira Old Number One, wadda ta lashe tseren Le Mans a 1929 da 1930, bayan mai saye ya janye daga cinikin fam miliyan 10 bisa hujjar cewa an sauya mata sassa har ba ita ba ce. Mai shari'a Otton ya ba mai sayarwa gaskiya, ya dogara da cewa tarihin motar bai taɓa yankewa ba duk da sauye-sauyen. Hukuncin ya dace da motar tsere, amma bai kamata a ja shi zuwa batun bodi ba, inda katakon da falankin su ne ainihin abin da ake jingina wa maƙeri.

Misalin da ya fi nuna ƙarfin takarda shi ne na Woolf Barnato, shugaban Bentley, wanda a watan Maris na 1930 ya tashi daga Cannes ya isa Landan kafin jirgin ƙasa na Blue Train ya kai Calais. Shekara da shekaru kowa ya yarda cewa motar da ya tuƙa ita ce Speed Six mai gangarar baya da Gurney Nutting ya ƙera, har mai zane Terence Cuneo ya zana ta tana tsere da jirgin. Bodin na gaskiya ne, tambarin na gaskiya ne, motar ma ta Barnato ce. Amma binciken Clare Hay a kundin kamfanin ya nuna cewa sai a watan Mayu aka miƙa masa ita, wajen mako goma bayan tseren, kuma alamu sun fi karkata ga wata Speed Six rufaffiya mai bodin H. J. Mulliner. Da aka shiga neman wannan motar, sai aka tarar an daɗe da raba ta da bodinta, yana can a kan wani shasin Bentley dabam, daga nan aka sauko da shi aka mayar kan nasa.